Wasiƙa a Aljihun Surukina

Duk wanda ya zo neman shawarata kan buɗe shago a Doha, magana ɗaya nake faɗa masa: kada ka naɗa wakilin da ba za ka iya kallon ƙwayar idonsa ba. Yawanci sai su gyaɗa kai, su ɗauka wani ɗan damfara ne ya taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Ina ma a ce hakan ne. Da ɗan damfara ne, da na zage shi na huce tun tuni. Wakilin da na naɗa mutumin kirki ne, bai taɓa cin ko sisina ba, kuma da ni da shi muka haɗu muka kashe shagon.

Sunana Garzali. Shekara tara na yi ina tuƙa motar wani kamfanin gine-gine tsakanin Sana'iya, unguwar masana'antu, da cikin gari, har bayana ya fara ƙorafi. A shekarar 2004 muka yanke shawarar buɗe shagon ɗinki ni da abokina Moro. Moro ɗan Zangon Kumasi ne, tela tun yana yaro, kuma a lokacin yana ɗinki a ƙarƙashin wani Ba'indiye da ke karɓar yabo a kan aikin hannunsa. Moro mutum ne da bakinsa ba shi da birki. Abin da ya gani shi yake faɗa, ko a gaban wa. Ni zan kula da masu kawo ɗinki da sayen yadi, shi zai zauna a kan keke. Muka sami ɗan shago a tsohuwar Mushairib, tsakanin wani mai aski ɗan Pakistan da mai sayar da fitilu.

A ƙasar nan baƙo ba ya buɗe shago da sunansa shi kaɗai. Sai ka sami ɗan ƙasa, kafil, wanda sunansa zai hau takarda. Wannan bai ba mu wuya ba, wani dattijo da na taɓa tuƙa ƙaninsa ya amince, ya sa hannu, ya ce kada mu dame shi sai in gobara ta tashi. Abin da ya rage shi ne mandub. Mandub shi ne wakilin shago a wurin hukuma da mai gini. Sunansa ake rubutawa a rajista, shi ke kai takardu yana karɓowa, shi ke sabunta lasisi da iƙamar ma'aikata, wato takardar zama. Kuma a hannunsa makullin akwatin gidan waya yake, domin a Doha ba a kawo wa mutum wasiƙa ƙofar gida. Duk abin da aka rubuto maka, a akwati yake jiranka.

Moro ya kawo sunan wani Basudane da ke yi wa shaguna shida wannan aiki. Ni kuwa na riga na gama nawa tunanin a gida.

Surukina, Malam Ɗalhatu, mahaifin matata Rahma, ya zo Doha tun kafin a san za ta zama gari. Shekara ashirin da biyu yana aikin mandub a wani kamfanin shigo da kaya. Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Babu ofishin da bai san ƙofar bayansa ba, babu mai shayin da bai san sunan 'ya'yansa ba. A shekarar nan kamfanin ya sallame shi, wai ya tsufa. Ba aiki, ba iƙama, sai komawa Funtuwa, inda ba abin da ya rage masa sai kabarin matarsa da gidan da 'yan haya suka cika. Rahma tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, ba ta ce mini komai ba, amma kwana uku miyarta ba gishiri. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: muna neman mandub, ga gwanin mandub yana neman wurin tsayawa.

Da na faɗa wa Moro, sai ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Surukinka?" ya ce. "Wanda kana durƙusa kana gaishe shi?"

"Shi fa. Akwai wanda ya fi shi sanin aikin?"

"Ba a sanin aiki nake magana ba. Gobe in ya yi latti, wa zai ce mishi ka yi latti? Kai? Kai da in ya shigo kana neman inda za ka ɓoye kanka?"

Na ce masa ku mutanen Kumasi ba ku san kunya ba, shi ya sa kuke cin tuwo kwano ɗaya da surukanku. Ya ce shi ya sa surukansu ba sa mutuwa da magana a ciki. Muka yi dariya, ya ɗauki almakashinsa, aka bar zancen a inda nake so. Shagon namu ne mu biyu, amma ni na samo kafil, saboda haka muryata ta fi tasa nauyi, kuma na yi amfani da hakan.

Ko roƙon Baba ban iya yi da bakina ba. Wani abokinsa na tura. Da ya amince, na je ɗakinsa a Muntaza, na cire takalmi tun daga bakin matakala, na durƙusa, na miƙa masa makullin akwati da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na ce, "Amin, Baba." Iyakar yarjejeniyarmu ke nan.

Gaskiya ɗaya ce, shekara uku Baba ya fitar da ni kunya. Lasisin da wasu ke wata biyu suna bi, a kwana tara ya kawo shi. Kullum da safe za ka gan shi da farar jallabiya da 'yar jakar fata a hammata, ya nufi layin masu buga takardu da ke bayan shagonmu. Akwai wani mai buga takarda a can, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, da suka shekara ashirin tare. Baba zai zauna a gefensa, ya miƙa masa duk abin da ya kwaso daga akwati, su sha shayi, a buga amsa, ya wuce ofis. Shagon ya kama. Lokacin wasannin Asiya gari ya cika, Moro ya ɗinka kaftani har yatsunsa suka yi kanta. Likitocinmu da injiniyoyinmu da a da suke aika awo Kano suka dawo wurinmu. Duk lokacin da Baba ya kawo sabuwar takarda da tambari, sai na ɗaga ta a gaban Moro, na ce, "Ina Basudanenka?"

Wata rana Baba ya leƙo shago zai karɓi fasfo ɗinmu. Kamar kullum, na sunkuyar da kai na koma bayan tarin yadi. Moro ne ya miƙa masa. Da ya fita, Moro ya tsayar da keke.

"Garzali, idon tsohon nan bai da lafiya."

"Kai likita ne?"

"Na miƙa mishi fasfo nan, hannunshi ya tafi can. Sai da ya laluba. Ka duba idonshi ka gani."

Raina ya ɓaci. Na ce masa a garinmu ba a ƙura wa suruki ido, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da wannan bakin nawa na faɗi haka, a kan mutumin da a ranar ko hannun Moro bai hango ba. Moro ya ce, "To, khalas, shi ke nan," ya taka kekensa.

Mai karatu zai ce, ina 'yarsa ma'aikaciyar jinya? Rahma 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Baba bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, ko da ta haifi 'ya'ya biyu. Duk Juma'a bayan masallaci muna kai masa abinci. Ita za ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta wuce ta share ɗaki, ta wanke kofuna, ta jera masa magungunansa. Ni zan durƙusa a gefen tabarma ina kallon zanen da ke jikinta. Na san tabarmar nan fiye da fuskar mai ita. Gaisuwa, addu'a, sai mu tashi. Mu biyu ne mafi kusa da shi a duk ƙasar, kuma a cikinmu ba wanda ke ɗaga kai.

A farkon 2008 aka fara rusau a Mushairib. Da farko jita-jita ce, sai muka ga an zagaye layin masu buga takardu da kwano, bayan mako biyu babu shi. Mutumin Kerala ya tattara ya koma ƙasarsu. Na ji labarin, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban kawo komai a raina ba.

Ana nan sai mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya shigo wata safiya da takarda a hannu. Ya ce mai gininmu ya rubuto wa kowane ɗan haya. Za a rushe ginin a ƙarshen bazara. Amma yana da wani gini a Muntaza mai shaguna huɗu a ƙasa, kuma zai ba tsofaffin 'yan hayarsa a kan tsohon farashi, ga duk wanda wakilinsa ya amsa a rubuce cikin kwana talatin. Mu tara ne a ginin. Mai aski ya ce shi nasa wakilin ya amsa tun jiya. Ya tambaye mu, "Ku fa?"

Moro ya juyo ya dube ni. Idan ba mu sami ɗaya daga cikin shagunan nan ba, mun tashi, domin a shekarar haya a Doha ta haukace, ko rumfar kaji ba za mu iya kamawa ba. Ba shago, ba a sabunta rajista. Ba rajista, ba iƙama. Moro ya haura hamsin, ba kamfanin da zai ɗauke shi, kuma 'ya'yansa uku a Kumasi da allurar nan suke karatu.

"Ka je ka tambaye shi yau," in ji Moro.

"Sai Juma'a. Ba na zuwa masa haka kawai kamar mai bin sawu."

"To ni zan je."

"Wallahi ba ka zuwa. Ka je ka titsiye mini suruki, in sa fuskata a ina?"

Ya gwada zuwa ofishin mai gini da kansa, suka ce ba sa magana sai da wanda sunansa ke takarda. Kafil kuwa yana ƙasar waje wurin magani. Komai ya dawo kan Juma'a.

Tun daga gida nake shirya maganar. Baba, wasiƙar mai gini ta zo? Kalma shida. Na maimaita ta a mota har Rahma ta tambaye ni ko waƙa nake koya. Muka isa, na durƙusa, muka gaisa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ina fata dai aiki ba ya wahalar da kai."

Ina kallon tabarma, amma na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba, na ji motsin takarda.

"Akwai wata takarda da..." ya ce, sai ya tsaya.

Na jira. Bai ƙarasa ba. Shirun ya yi mini nauyi, na ga kamar na tsare dattijo ina masa tambayar ɗan sanda. Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, na rufa masa asiri.

"Ai duk abin da Baba ya yi daidai ne."

Hannun ya daɗe a aljihu, sannan ya sauko.

"To," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Na fito ina jin daɗi. Ya ambaci takarda, ke nan ya gani, ke nan ya amsa. Ranar Asabar na ce wa Moro ya kwantar da hankalinsa, Baba na riƙe da zancen.

"Ya ce maka ya amsa?"

"Ya nuna mini."

"Ka gani da idonka?"

"Moro, ka ishe ni."

Juma'a uku suka biyo baya. Duk ukun na je, duk ukun hannun Baba ya tafi aljihu, duk ukun na riga shi da addu'a don kada ya ji na matsa masa. Ina ganin ladabi nake yi. Har alfahari nake a zuci, wai ni ɗan gidan tarbiyya.

Ranar da aka liƙa sunaye huɗu a ƙofar ginin, mai aski na ciki, mai fitilu na ciki. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, kamar sunan zai fito in na sauya hanya. Na garzaya ofishin mai gini. Magatakardan ya buɗe fayil ya nuna mini: sun aika wasiƙa, sun sake aika tunatarwa, ba amsa. Ya ƙara da cewa maigidansa ya ma riƙe shago ɗaya har kwana biyar bayan wa'adi, domin a wurin Moro yake ɗinka wa 'ya'yansa kayan sallah. Da ya ji shiru, ya ɗauka mun sami wani wuri. Wannan ƙarin bayanin da ya bar shi a cikinsa da ya taimake ni.

Na dawo shago na tarar Moro yana naɗe tef ɗin awo a yatsa. Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Akwai kaftani bakwai da ba mu gama ba. Mu gama wa mutane kayansu."

Wata biyu muka yi muna yawon neman shago, daga Najma har Sana'iya. Ba mu samu ba. Kafil ya dawo, ya yi mana ta'aziyya kamar an yi mutuwa, ya ce ni zai iya mayar da ni direban gidansa, amma ba shi da abin da zai yi da tela ko mandub. Na kai Moro filin jirgi da rana tsaka, da akwati ɗaya da kan kekensa a naɗe cikin bargo. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna.

"Kai ba mugu ba ne, Garzali," ya ce. "Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka gai da tsoho."

Daga filin jirgi ban biya gida ba. Na nufi Muntaza da zuciya a wuya. Tun da abin ya faru ban taka ɗakin Baba ba, Rahma kaɗai ke zuwa. A hanya na rantse yau kunya ta ƙare, zan tambaye shi me muka yi masa. Na hau matakala da takalmina, sai a bakin ƙofa na tuna na cire.

Yana zaune a kan tabarma. Ban durƙusa ba, na zauna sosai.

"Baba, Moro ya tafi."

"Na sani."

"Baba, wasiƙar nan ta zo ko ba ta zo ba?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan biyu. Sun yi laushi, gefensu ya yi baƙi saboda taɓawa. An buɗe su a hankali, an mayar da takardun. Ya miƙo mini, amma ba inda nake ya miƙa ba, can gefen tabarma ya miƙa, inda na saba durƙusawa.

A nan na ɗaga kai. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ranar na fara kallon fuskarsa sosai. Idanunsa biyu sun yi fari, yanar ido ta rufe su kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Shekara biyu ke nan ba na ganin rubutu," ya ce. "Hanya na san ta da ƙafa, ofisoshi na san su da murya. Mutumin nan na Kerala shi ke karanta mini, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya tafi, na rasa wanda zan miƙa wa. In na kai wa ɗan garinmu, kafin la'asar kowa ya ji mandub ɗin Garzali makaho ne. Yarinyar nan kuwa, ka san ba na iyawa."

"Ni fa, Baba?"

"Sau huɗu na ɗauko maka ita. Kai ka rufa mini asiri ka ba ni aikin nan. Na ce in na faɗa maka, ko dai ka karɓe makullin, ko ka bar mini shi don kunya. Duka biyun ban san wanda ya fi ciwo ba. Ina cikin neman bakin zaren, sai ka ce duk abin da na yi daidai ne."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan ajiye shi. Kuka ne ya zo, ni da gemuna, a gaban surukina. Ya bar ni na yi. Da na lafa sai ya ce, cikin muryar da ban taɓa ji daga gare shi ba, "Karanta mini. Har yau ban san abin da ke ciki ba sai a bakin mutane."

Na karanta masa. Layi shida ne. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Bayan wata guda iƙamarsa ta ƙare, ya koma Funtuwa. Rahma ta sa aka kai shi asibitin ido a Kano, aka cire yanar, kowane ido bai kai rabin awa ba. Yanzu yana karanta jarida ba tabarau. Moro yana ɗinki a wata rumfa a Kumasi, babbar 'yarsa ta bar makaranta tana taya shi. Duk sallah yana aiko mini da kaftani, bai taɓa tambayar awona ba, kuma bai taɓa kuskure ba. Ina sa su, amma ban taɓa jin daɗinsu a jikina ba.

Ni ina nan ina tuƙa matar kafil zuwa kasuwa. Wani lokaci hanya takan bi da mu ta Muntaza, ta gaban ginin nan mai shaguna huɗu. Mai aski yakan ɗaga mini hannu. Shagon da aka riƙe mana kwana biyar, na uku daga dama, yanzu wani ke sayar da wayoyi a ciki. Wasiƙar tana cikin aljihun motar. Duk Juma'a huɗun nan tana tsakanina da Baba, tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, ni kuwa ina ƙirga zanen tabarma.